Ta ina zan fara koyar da Turancin karɓar baƙi a Sakkwato?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni malamar Turanci ce a wata sakandare a nan Sakkwato. An haɗa ni da matasa 24, maza da mata, in koya musu Turanci cikin wata uku domin aikin otal da rakiyar masu yawon buɗe ido. Duk sun gama sakandare, wasu ma da kiredit a Turanci, amma in aka ce su buɗe baki sai su yi shiru. Ta ina zan fara, kuma wane littafi zan bi?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya yi riƙo da hannunki a kan wannan aiki. Na daɗe ina koyar da irin wannan aji, na masu zama kanta a otal da direbobi da masu yi wa baƙi jagora, don haka daga abin da na gani da idona zan ba ki amsa, ko da za ta yi tsawo.

Bari mu sallami maganar littafi tukuna. Littattafan Turancin yawon buɗe ido da ake bugowa daga Ingila suna da tsari mai kyau, kuma in kin samu ɗaya ki riƙe shi don duba yadda ake jera darasi. Sai dai an rubuta su ne domin wanda zai yi aiki a bakin teku ko tashar jirgin ƙasa. Za ki tarar da darasi guda a kan jerin giya, wani a kan wasan ƙanƙara. Yaron da zai tsaya da baƙo a ƙofar Hubbaren Shehu, ko yarinyar da za ta ɗaga waya a otal ƙarfe goma na dare, ba abin da za su tsinta a nan. Manhajarki tana cikin garin nan, ke za ki fita ki tattaro ta.

Abu na farko da za ki tantance shi ne wane ne baƙon. Da an ce yawon buɗe ido sai hankali ya tafi kan Bature da kyamara a wuya. Irin wannan yana zuwa, amma jefi-jefi. Waɗanda suke cika ɗakunan otal a Sakkwato su ne ma'aikatan ƙungiyoyin lafiya da agaji, jami'an gwamnati daga Abuja, 'yan kasuwar Kudu masu sayen albasa da fata da dabbobi, malaman da suka zo taro a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, masu bincike da ke neman tsofaffin rubuce-rubuce a Ma'aikatar Tarihi ta Waziri Junaidu, injiniyoyi daga Indiya ko Sin, da 'yan bautar ƙasa da iyayensu. Masu ziyarar Hubbare daga Nijar da sauran garuruwan Arewa kuwa Hausa ko Fulatanci ya ishe su. Kin ga ke nan kunnen ɗalibinki zai yi ta cin karo da Turancin Bayarabe, da na Ibo, da na Ba'indiye, da na wanda Faransanci ne harshen karatunsa, kafin ya ji na mutumin Landan sau ɗaya. In kika horar da kunnensa da murya iri ɗaya kawai, ranar da ya fara aiki zai zama kamar bai taɓa shiga aji ba.

Saboda haka makon farko kada ki koyar da komai. Ki nemi izini a otal biyu ko uku ki zauna kusa da kanta na awa biyu da littafin rubutu, ki rubuta duk abin da baƙo ya faɗa da abin da aka mayar masa. Ki yi hira da direban da ke ɗauko baƙi daga filin jirgin Sultan Abubakar III, ki tambaye shi inda magana take ƙwace masa. Za ki yi mamakin ƙanƙantar abin. Jimlolin da ake juyawa a kanta daga safe zuwa dare ba su da yawa: kuɗin ɗaki, kwana nawa, karin kumallo ƙarfe nawa, lambar intanet, ruwan zafi, na'urar POS ta ƙi, a kira mini mota. A makon nan kuma ki ɗauki muryar kowane ɗalibi a waya na minti biyu yana marabtar baƙo, ki adana. Za ta yi miki amfani a ƙarshe.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Waɗannan yara ba daga sifili suke farawa ba. Sun tashi a gidajen da ake cewa baƙonka Annabinka, inda ba a tambayar mutum abin da ya kawo shi sai an ba shi ruwa an gaisa. Sun san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abin da makarantun otal suke ɓata watanni suna cusa wa ɗalibai, su sun sha shi da nono. Matsalar ita ce, da zarar sun koma Turanci sai duk wannan ladabi ya zube, yaro mai tarbiyya ya koma kamar ɗan sanda a shingen hanya. Aikinki na wata uku shi ne ki sa ladabin da ke bakinsu na Hausa ya ƙetara zuwa Turanci ba tare da ya zube a hanya ba.

Na ga wannan a fili wata rana da na fita da ajina ziyarar gwaji, tare da wata baƙuwa daga Kudu da ta yarda ta bi mu. Muna isa inda ake tuɓe takalmi, sai wani ɗalibina, yaro mai kunya da ko ido ba ya haɗawa da ni, ya ɗaga murya ya ce mata "Remove your shoes." Na ga fuskar matar ta canja nan take. Ta cire takalmin, amma daga nan har muka fito ba ta sake yin tambaya ko ɗaya ba. Da muka koma aji na ce masa ya faɗa mini abin da Hausa, kamar da gwaggonsa yake magana. Sai ya ce, "Hajiya, don Allah a ɗan tuɓe takalmi a nan, haka ake yi, ga inda za a ajiye." Dubi abin da ke cikin jimlarsa: kira na girmamawa, roƙo, sassauci, dalili, da taimako. Abu biyar, kuma ko ɗaya bai bi shi zuwa Turanci ba, domin a makaranta umarni tsirara aka koya masa. Hausa tana da "a" ɗin nan na sakaya suna, a shigo, a zauna, a ɗan jira, wanda ke cire wa umarni ƙaya. Turanci ba shi da shi, sai ya mayar da umarnin tambaya: "Could you please", "Would you mind", "May I". Tun daga ranar na sauya hanya. Duk jimlar da za mu koya, sai ɗalibi ya fara faɗarta da Hausa yadda zai faɗa wa babba, mu ƙirga abin da ke cikinta, sannan mu nemo wa kowane ɗaya makwafinsa. Ki gwada, za ki ga ajin ya farka, don sun gane ba a raina abin da suka zo da shi ba.

Cuta ta biyu ta fi wannan haɗari, ita ce "Yes sir." A tarbiyyarmu, ka sa babba ya maimaita magana kamar rashin kunya ne, sai yaro ya ce to ko bai ji ba. A gida wannan ba ya ɓata komai, don zai zagaya ya tambayi wani. A bakin aiki kuwa asara ce. Wani direba da na koyar, baƙo ya ce masa ya zo "quarter to six" za su kama hanyar Birnin Kebbi. Shi dai kwata da shida ya ji, ya ce yes sir, ya iso shida da kwata yana ganin ya cika alkawari. Rabin awa ya tafi, baƙon ya makara taro, otal ɗin kuma ba su sake kiransa ba. Mu muna cewa shida saura kwata, shidan ke zuwa farko. Turanci yana fara da kwatan, kuma ɗan ƙaramin "to" ko "past" da ke tsakiya shi ne duk maganar. Don haka a mako na biyu ki ba su jimlolin ceto guda huɗu su haddace kamar karatun allo: a maimaita mini, a ɗan rage sauri, a rubuta mini, sai kuma wadda ta fi su duka, wato ya mayar wa baƙo abin da ya ji don a tabbatar, "So that is five forty-five in the morning, sir?" Ki gaya musu ƙarara cewa a wannan aiki tambaya ita ce ladabi. Matambayi ba ya ɓata. Ni har doka nake kafawa a aji: in na yi magana da sauri da gangan, wanda ya ce yes bai tambaya ba shi ya faɗi.

Lambobi su ma ki ba su lokaci mai yawa, fiye da yadda kike zato. Tsakanin "fifteen thousand" da "fifty thousand" akwai naira 35,000, kuma a bakin mai sauri ko a waya kusan ɗaya suke. Maganinsa a bi da ɗaiɗaikun lambobi, "one five" ko "five zero", a kuma rubuta a takarda ko a nuna a fuskar waya. Kwanan wata ma haka: mutumin Amurka in ya rubuta 3/4 yana nufin 4 ga Maris, mu kuma 3 ga Afrilu muke karantawa. Ki saba musu da rubuta sunan wata da haruffa a duk saƙon da za su tura. Sai lokaci irin namu. "Bayan la'asar" magana ce cikakkiya tsakaninmu, amma baƙo agogo yake so a ba shi, kuma in za a tsaya sallah a hanya ko ranar Juma'a ce wuraren za su rufe da rana, a faɗa masa tun da safe.

Akwai kuma maganganun da Hausa ce sanye da rigar Turanci. Ma'aikaci ya ce "I am coming" yana juya baya yana tafiya, shi ina zuwa yake nufi. Ɗan Najeriya zai gane, baƙon waje zai tsaya yana kallon ikon Allah. Haka "sorry" a madadin sannu in mutum ya yi tuntuɓe, da "well done" a madadin sannu da aiki. Ba na hana su gaba ɗaya, domin da baƙon Legas ko Anaca daidai suke. Ina dai nuna musu wanda ke tafiya a ko'ina da wanda iyakarsa Najeriya, su zaɓa gwargwadon wanda ke gabansu.

Wajen furuci kada ki wahalar da kanki ki wahalar da su da neman muryar Ingila. Ba wanda ya zo Sakkwato don ya ji ta. Ki kama sautukan da ke juya ma'ana kawai. Babbansu p da f, don a Hausa ba mu raba su: "copy" da "coffee", "pull" da "full", "pork" da "fork". Na ƙarshen nan a ɗakin cin abinci ba ƙaramin rikici yake jawowa ba. Ki sa kowa ya riƙe 'yar takarda a gaban leɓɓansa: in p ce leɓɓa su haɗu su fashe takardar ta motsa, in f ce haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Kyamarar waya ta gaba ta isa madubi. Sai v da b, sai wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe. Minti goma a farkon kowane zama ya wadatar, amma kullum. Ki haɗa da sunayen haruffa don rubuta sunan baƙo a waya, musamman A da E da I, da G da J, waɗanda ke rikita kusan kowa.

Mu zo kan masu jagora, inda aikin ya fi nauyi kuma ya fi daɗi. A nan sau da yawa ba Turancin ne ya gaza ba, sanin ne babu. Yaro an haife shi a bayan fadar Sarkin Musulmi, amma ka ce ya ba ka labarin garin na minti uku ko da Hausa ne, sai ya kama kame-kame. Wanda bai da abin faɗa da harshensa ba zai same shi da harshen wani ba. Don haka sai sun iya labarin da Hausa tukuna, da shekarunsa daidai. An haifi Shehu Usmanu a Maratta a 1754, ya tashi a Degel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, a shekarar aka yi yaƙin Tafkin Kwatto, Alƙalawa ta faɗi a 1808, Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, Shehu ya taso daga Sifawa ya dawo nan a 1815, ya rasu a 1817. Bello ya rasu a 1837, kabarinsa yana Wurno. Turawa sun ci garin a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas har Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli na shekarar. Sarki Abubakar na uku ya yi shekara 50 a kan karaga, daga 1938 zuwa 1988, kuma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, na 20 a jerin, ya hau a 2006. Wannan shi ne ƙashin bayan. Ki raba ajin, kowane rukuni ya ɗauki wuri ɗaya, su je su gani, su tambayi masu kula da wurin, su dawo su ba da labari da Hausa, 'yan'uwansu su yi musu tambayoyi. Sai labarin ya zauna sannan a koma Turanci, da gajerun jimloli, ba hadda ba. Mai hadda da zarar baƙo ya katse shi da tambaya, zaren ya tsinke, sai ya koma farko.

Zaɓen kalma a nan abu ne da nake ɗauka da muhimmanci ƙwarai, don mutuncin garin ne a bakin yaron. Na sha jin ana fassara Hubbare da "shrine". A kunnen ɗan Kudu wannan kalma wurin tsafi take nufi. "Tomb" za a ce, a ƙara da cewa mutane suna zuwa ziyara da addu'a. Kalmar jihadi kuma, baƙon da ya zo daga Turai ko Amurka abin da ya saba ji a labarai shi zai faɗo masa. Jagora nagari ba zai guje wa kalmar ba, zai dai fara da cewa Shehu malami ne da ya yi kusan shekara 30 yana koyarwa da wa'azi kafin a kai ga yaƙi, kuma shi da ƙanensa Abdullahi na Gwandu da ɗansa Bello sun bar littattafai masu ɗimbin yawa da har yau ake karantawa. Sai ya kawo Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis, wato malamai mata masu jagorantar ƙungiyar, suna shiga ƙauyuka suna koyar da mata. Ban taɓa ganin baƙon da aka ba wa labarinta bai gyara tsayuwa ba. Baƙon Ingila kuma ki sa a gaya masa cewa Clapperton ya iso nan a 1824 ya gana da Bello, ya sake dawowa, a nan ya rasu a 1827. Bajamushe a ambata masa Barth, wanda ya biyo ta Wurno da Sakkwato a 1853 yana kiran kansa Abdulkarim. Mutum yana son ya ji inda tarihinsa ya taɓa na wurin da ya zo.

Wasu kalmomi kuma ba a fassara su sam. Waziri, dogari, kakaki, fura, kilishi: a faɗi sunan yadda yake, a bi shi da bayani na jimla ɗaya. Baƙo yana jin daɗin komawa gida da kalma biyu ko uku a bakinsa. Kuma ki koya musu cewa "ban sani ba, amma zan tambayo" amsa ce mai daraja. Jagoran da ya ƙirƙiri shekara don kada ya ji kunya, wata rana zai faɗa wa farfesan tarihi ita.

Ki kai su Shiyar Madunka wurin dukawa, nan ne ajin da ya fi kowane armashi. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce ta riƙa ƙetara Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Ɗalibi ya koyi bayyana aikin mataki-mataki: yadda majema ke jiƙa fata su cire gashi, su jeme ta da bagaruwa, a rina ja da karan dafi, kafin ta zo hannun baduku. Duk nahawun da kike son koyarwa na jeranta aiki, da farko, bayan haka, daga ƙarshe, ga shi nan a aikace ba tare da kin taɓa allo ba. A nan ne kuma zai koyi tafinta tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma ki ja musu kunne tun yanzu: abin da baduku ya faɗa shi za a faɗa wa baƙo, kada a ɗora komai a kai a ɓoye. Baƙo raɓa ne, amma yana da waya, kuma zai gaya wa na bayansa.

Abinci ba sai na daɗe a kansa ba. Su iya faɗin abin da ke cikin kowane kwano, da ko yana da yaji. Abu ɗaya ne ba wasa: gyaɗa. Akwai mutanen da ɗan kaɗan ɗinta ke iya kai su asibiti, ga shi tana cikin kilishi da yajin tsire. In baƙo ya ambaci kalmar "allergy", ma'aikaci ya tsaya ya je kicin ya tambaya, kada ya yi zato.

Sai maganganu masu wuya, waɗanda littafi ba ya kawowa. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, baƙo ya sauko ransa a ɓace. Abin da ke fara zuwa bakin yaro shi ne ba laifina ba ne, ko kuwa ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Ki horar da su su saurara har mutum ya gama, su ba da haƙuri, su faɗi abin da za su yi da minti nawa zai ɗauka, sannan su koma su ba da labari ko gyaran bai samu ba. Komawar nan ita ce ake yawan mantawa. Haka maganar tsaro. Baƙo zai karanta labarin Alƙalawa ko kufan Surame, birnin Kanta na Kabi, ya ce a kai shi. Wasu hanyoyin jihar, musamman na gabas, suna fama da matsalar tsaro, kuma hali yana sauyawa. Dole ɗalibi ya iya cewa da Turanci mai natsuwa ba zai yiwu yau ba, ga dalili, ga wurin da za a je a madadinsa. Kada kunya ko kwaɗayin kuɗin yini su sa ya ce ba komai. In lokacin bikin kamun kifi na Argungu ne, wanda ya samo asali daga ziyarar sulhu ta Sarkin Musulmi Hassan a 1934, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ta sa shi a jerinta na al'adun gargajiya a 2016, baƙi da yawa ta Sakkwato suke bi, tafiyar kusan kilomita 100 ce, su san yadda za su tsara ta da baƙo tun ana gobe za a tafi.

'Yan matan ajin suna da tasu damuwar, kuma ke kin fi ni sanin ta. Wadda ba ta musabaha da maza ki ba ta jimlarta a shirye, ta ɗora hannu a ƙirji da fara'a ta ce "I don't shake hands, but you are very welcome." In ta faɗe ta sau hamsin a aji, ranar da baƙo ya miƙo hannu ba za ta daburce ba, shi ma ba zai ji an wulaƙanta shi ba. Sunkuyar da kai ma, mu girmamawa muke gani, wasu baƙin kuwa ɗauka suke ana ɓoye musu wani abu. Ba na ce su ƙura wa mutum ido ba. Su ɗaga kai lokacin gaisuwa da lokacin faɗin kuɗi, su kuma ɗaga murya yadda za a ji.

Game da tafiyar da ajin kansa, in za ku haɗu sau uku a mako na awa biyu, awa 72 ke nan a mako 12. Ba su da yawa, don haka kada bakinki ya cinye su. In kin yi magana kashi ɗaya cikin uku, sauran nasu ne. Ki ture kujeru gefe, tebur ɗaya ya zama kanta, su yi aiki bibbiyu, ɗaya baƙo ɗaya ma'aikaci, sai a juya. Don aikin waya su zauna baya da baya, kada su ga bakin juna. Kada ki katse mai magana don gyara, ki rubuta kurakuran ki kawo su a ƙarshe ba tare da kiran suna ba, domin yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya ya rufe baki ke nan har a gama. Hausa ba haramun ba ce a ajin, ki yi bayani da ita in ta fi sauri. Ga sauraro kuwa Sakkwatawa mutanen rediyo ne: wanda ya saba da sashen Hausa na BBC ya ƙara minti goma na sashen Turanci, ya zo ya faɗi abu biyu da ya kama. Rubutu ki taƙaita shi ga abin da za su rubuta da gaske, wato saƙon WhatsApp na tabbatar da ɗaki, kwatancen hanya, da rasit. Insha'i ba ya cikin aikinsu.

Babbar dukiyar da kike da ita kyauta ita ce 'yan bautar ƙasa da aka turo daga Kudu, musamman sababbin zuwa da ba su fara jin Hausa ba. Ki gayyato biyu ko uku kowane mako su zama baƙi. Su suna son a nuna musu gari, yaranki kuma ba su da mafita sai Turanci. Da su za ki yi jarrabawar ƙarshe, ba da takarda ba. Ki ba baƙon buƙata a asirce, misali ɗaki na kwana uku, mota ƙarfe bakwai saura kwata, kuma ba ya cin gyaɗa, sai ki tsaya gefe ki gani: ya samu abin da ya nema? An tabbatar da lambobi? An yi masa magana da mutunci? Mai jagora kuma a kai shi wurin da ya karanta, da sanyin safiya, ya yi bayanin minti biyar a katse shi da tambaya uku, ɗaya daga ciki wadda kin san bai san amsarta ba. A takardar shaidar da za ki ba su ki rubuta abin da kowane zai iya yi, karɓar baƙo a kanta, amsa waya, jagora a Hubbare da fada, don mai otal wannan yake son gani. Ranar rufewa ki kunna wa kowa muryarsa ta makon farko, ki bi ta da ta yau. Bayan wata ɗaya da fara aikinsu ki zagaya inda suke, ki sake zama kusa da kanta da littafin nan naki, ki rubuta abin da har yanzu yake ƙwace musu, da shi za ki buɗe aji na gaba.